Giregori Babba, Makiyayin Roma, da Waƙar da Ta Ɗauki Sunansa

Duk wanda ya taɓa jin sufayen Katolika suna rera zabura da harshen Latin zai gane waƙar nan take in ya sake jin ta. Babu ganga a cikinta, babu molo, babu tafi. Maza ashirin ko arba'in suna bin layin murya guda, ba mai ɗaukar ta sama, ba mai ɗaukar ta ƙasa, sautin yana hawa yana sauka a hankali yadda kalmomin Nassi suka ja shi. Sufaye su ne mazan da suka bar aure da dukiya suka keɓe kansu a gida ɗaya domin addu'a da aiki, kuma wannan waƙa ita ce abincinsu na kullum. A ko'ina cikin duniya ana kiranta waƙar Giregori. A wannan darasi za mu bi rayuwar mutumin da aka laƙaba wa waƙar, mu ga abin da ya yi da ita da kuma abin da na baya suka ɗora masa.

An haifi Giregori a birnin Roma wajen shekara ta 540, a gidan masu dukiya da daraja. Sunan mahaifinsa Gordiyanus, mahaifiyarsa Silbiya. Ɗaya daga cikin kakanninsa, Felis na Uku, ya riƙe kujerar bishof na Roma daga 483 zuwa 492, kuma 'yan'uwan mahaifinsa mata uku sun keɓe kansu ga addu'a a cikin gidansu. Gidan yana kan tudun Kaliyo, yana fuskantar tsoffin fādodin Kaisar. Sai dai Romar da yaron ya buɗe ido ya gani kango ce. Yaƙi tsakanin Gotawa da sojojin sarkin Kustantiniya ya ci Italiya daga 535 har zuwa 554. A shekara ta 546 sarkin Gotawa, Totila, ya ci birnin bayan yunwa ta gama da mutanensa. An sare magudanan da ke kawo ruwa, annoba ta shigo, birnin da ya taɓa ɗaukar dubban ɗaruruwan mutane ya koma na 'yan dubbai. Kafin a huta, a 568 wata al'umma daga arewa, Lambardawa, ta sauko Italiya da takobi. Wanda ya girma cikin wannan hali ba abin mamaki ba ne ya ɗauka ƙarshen duniya ya kusa, kuma Giregori ya riƙe wannan tunani har mutuwarsa.

Ya yi karatun doka da na iya magana irin na 'ya'yan manya, ya shiga aikin hukuma. Wajen 573, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya zama shugaban mulkin birnin, abin da za mu kira magajin gari. Tsaro, abinci, kuɗi da shari'a duk suna hannunsa. Bai daɗe a kai ba. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya ɗauki gādon ya kafa gidajen sufaye shida a gonakin iyalinsa da ke tsibirin Sisiliya, ya mai da gidan da aka haife shi gidan sufaye na bakwai da sunan Manzo Andarawus, ya raba sauran ga matalauta. Ya tuɓe rigar sarauta ya sa ta sufi, ya zauna ƙarƙashin wani shugaba kamar kowa. Ya matsa wa kansa da azumi har cikinsa ya lalace, ciwon da bai rabu da shi ba har kabari.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba yadda yini yake a irin wannan gida, domin daga nan waƙar ta fito. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta Benedik, wanda ya rasu Giregori yana yaro, kuma Giregori ne daga baya ya rubuta tarihinsa. Bisa wannan ƙa'ida sufaye suna taruwa sau bakwai da rana da sau ɗaya cikin dare, suna bin abin da Zabura 119 ta ambata a aya ta 62 da ta 164. Suna tashi tun duhu bai waye ba, su sake taruwa da asuba, da fitowar rana, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, da faɗuwar rana, da lokacin kwanciya. Kowane mako sai sun rera zabura 150 ɗin nan daga farko har ƙarshe, in mako ya juyo su sake. Suna zama layi biyu suna fuskantar juna, wannan gefe ya ɗauki aya, wancan ya amsa da ta gaba. Yawancin ayar ana rera ta a kan sauti ɗaya, kamar mai karatu da ƙarfi, sai a ɗan lanƙwasa murya a tsakiya da ƙarshe. Littattafai suna da tsada, fitilar dare ba ta da haske, saboda haka aikin farko na sabon sufi shi ne haddace Zabura. Mutumin da ya yi shekara goma a haka ya rera kowace zabura fiye da sau ɗari biyar. In muka karanta wa'azin Giregori za mu ga Nassi yana zubo masa ba tare da ya nema ba, kuma a nan ya samo shi. Ya kira waɗannan shekaru mafi daɗin rayuwarsa, ya yi ta kukan rabuwa da su.

Akwai wani labari daga wannan gida wanda shi da kansa ya rubuta, kuma yana nuna tsaurinsa. Wani sufi mai suna Yustus, likita ne da ya sha jinyar Giregori, ya ɓoye tsabar zinariya uku alhali doka ta hana sufi mallakar kome. Da abin ya fito fili yana bakin mutuwa, Giregori ya hana 'yan'uwa zuwa wurinsa, ya kuma sa aka binne shi a juji tare da kuɗin. Bayan kwana talatin tausayi ya kama shi, ya sa aka yi ta miƙa Jibin Ubangiji dominsa kwana talatin a jere. Ikkilisiyar Katolika ta riƙe wannan al'ada har yau, ikkilisiyoyin da suka fito daga Gyaran ƙarni na 16 kuwa ba su karɓe ta ba. Kowane ɓangare muke, barin mai mutuwa shi kaɗai saboda tsaba uku hukunci ne mai nauyi ƙwarai.

Zaman shirun bai daɗe ba. Fafaroma ya fito da shi ya naɗa shi dikon, kuma a 579 Felajiyus na Biyu ya aike shi Kustantiniya ya zama wakilinsa a fādar sarki, ya roƙo sojoji a kan Lambardawa. Ya yi kusan shekara bakwai a can, sojojin ba su zo ba, domin sarki yana fama da Farisawa. Bai koyi Helenanci ba. Abin da ya yi shi ne ya tafi da wasu 'yan'uwansa sufaye, suka ci gaba da lokutan addu'arsu a cikin masaukin jakada, ya kuma kwatanta su da igiyar da ke riƙe jirgi kada guguwa ta tafi da shi. Su ne suka roƙe shi ya buɗe musu Littafin Ayuba, kuma wannan koyarwa ta zama babban littafinsa mai kashi 35. A can ne kuma ya yi gardama da Yutikiyus, babban bishof na birnin, wanda ya koyar cewa jikin tashin matattu ba zai taɓu ba. Giregori ya tsaya a kan Luka 24, inda Yesu ya nuna wa almajiransa hannuwansa da ƙafafunsa, sarki ya ba shi gaskiya aka ƙone littafin Yutikiyus.

A ƙarshen 589 kogin Taiba ya cika ya shiga birnin Roma, ya rushe rumbunan hatsin ikkilisiya. Annoba ta biyo baya, ta kashe Felajiyus a watan Fabrairu na 590. Jama'a da limamai suka zaɓi Giregori baki ɗaya. Ya rubuta wa sarki Moris yana roƙo kada ya amince, amma aka tare wasiƙar a hanya. Yana jiran amsa mutane suna mutuwa, sai ya yi wa'azin tuba ya shirya jerin gwano bakwai daga majami'u bakwai: limamai dabam, sufaye maza, sufaye mata, yara, maza, gwauraye, matan aure, kowane rukuni da hanyarsa, su haɗu a babbar majami'ar Maryamu. Kwana uku mawaƙa suna bin tituna da zabura da roƙon jinƙan Ubangiji. Wani bishof na Faransa da ya rubuta labarin a lokacin, daga bakin dikonsa da ya gani da ido, ya ce mutum tamanin suka faɗi matattu cikin sa'a ɗaya, kuma ba a daina ba. Wannan shi ne hoto na farko tabbatacce da muke da shi na Giregori da waƙa: birni mai mutuwa yana rera zabura a kan titi. An keɓe shi bishof na Roma ran 3 ga Satumba, 590, sufi na farko da ya hau wannan kujera.

Shekara goma sha uku da rabi ya yi a kai, kuma mafi yawan lokacinsa ya tafi a kan hatsi, fansa da sulhu. Wasiƙunsa fiye da 850 sun iso gare mu. A cikinsu muna ganinsa yana tsawata wa masu kula da gonakin ikkilisiya a Sisiliya saboda mudun zalunci da suke auna wa manoma, yana ba da izini a sayar da kwanonin azurfa na bagade a fanshi kamammu, yana ciyar da sufaye mata dubu uku da suka gudo Roma daga yaƙi. Wani marubuci na baya ya ce da aka tsinci wani matalauci ya mutu da yunwa a lungu, Giregori ya ƙi tsayawa gaban bagade kwanaki, kamar shi ya kashe shi. A 593 sarkin Lambardawa, Agiluf, ya kewaye birnin. Giregori yana cikin wa'azi a kan Littafin Ezekiyel, sai ya katse ya ce bakinsa ba zai iya ci gaba ba. Ya ga Romawa da igiya a wuya ana jan su zuwa kasuwar bayi. Ya nemi sulhu da kansa, ya biya da dukiyar ikkilisiya, sarki Moris daga nesa ya kira shi wawa saboda haka. A cikin wannan hayaniya ya rubuta littafinsa a kan aikin makiyayi, wanda ya koya wa mai wa'azi cewa magana ɗaya ba ta yi wa kowa: dabam ake yi wa mai fara'a gargaɗi, dabam mai baƙin ciki, dabam talaka, dabam mai arziki. An juya shi zuwa Helenanci tun yana da rai, kuma bayan kusan shekara 300 sarki Alfared na Ingila ya juya shi zuwa Turancin zamaninsa ya aika wa bishof-bishof ɗinsa. Lokacin da babban bishof na Kustantiniya ya ɗauki laƙabin uban ikkilisiyar duniya duka, Giregori ya yi tir da shi, ya fi son a kira shi bawan bayin Allah.

To, ina waƙa a cikin wannan duka? Abin da ya fi ƙarfi a cikin takardun da ya bari shi ne dokar da ya kafa a taron limaman Roma na ran 5 ga Yuli, 595, kuma doka ce ta rage waƙa. A lokacin Roma tana da dikon bakwai, manyan mutane ne, su ke riƙe da dukiyar ikkilisiya da rabon sadaka, kuma daga cikinsu ake yawan zaɓen fafaroma. Al'ada ta shigo cewa dikon ne yake hawa matakala ya rera zabura shi kaɗai tsakanin karatu da karatu, wurin da mai murya yake nuna gwaninta. Sannu a hankali aka koma zaɓen dikon saboda muryarsa. Giregori ya kira wannan mummunar al'ada. Hujjarsa ita ce ana neman murya mai daɗi ana mantawa da halin mutum, har mawaƙin bagade ya faranta wa jama'a da sauti yana ɓata wa Allah rai da rayuwarsa, wa'azi da kula da matalauta kuwa, waɗanda su ne ainihin aikin dikon, suna kwance. Ya yanke cewa daga ranar dikon ba zai rera kome a sujada ba sai Bishara. Zabura da sauran karatu aka ba ƙananan ma'aikata. Wanda ya karya dokar, a ware shi.

Bai ce a daina waƙa ba, bai kuma ce murya mai daɗi zunubi ce ba. Shi ne mutumin da ya ƙi amincewa a naɗa wani limami bishof na Rabenna saboda bai san Zabura ba. Abin da ya raba shi ne baiwar murya da kujerar shugabanci, domin ya ga jama'a suna ɗaukar ɗaya a matsayin shaidar ɗaya. Mun san yadda abin yake a tsakaninmu: mai ba da waƙa ya tashe mu tsaye da hawaye, ranar zaɓen dattawa mu tuna da muryarsa, ba wanda ya tambayi matarsa ko maƙwabtansa ko waɗanda suke binsa bashi. Dokar 595 ta kuma yi wa waƙar kanta amfani, ko da ba wannan ya nufa ba. Da aka cire ta daga hannun manyan da ke neman matsayi, ta koma hannun mutanen da ita ce aikinsu, kuma cikin ƙarnin da ya biyo baya muka fara jin labarin ƙungiyar mawaƙan Roma mai makaranta da yara masu koyo.

Akwai wasu 'yan gyare-gyare da ya yi wa tsarin sujada, waɗanda muka sani daga wasiƙar da ya rubuta wa bishof na Sirakus a 598. An zarge shi da kwaikwayon Helenawa domin ya sa ana rera Halleluya a wajen kwanakin Ista, ya gyara yadda ake roƙon jinƙai, ya kuma matso da Addu'ar Ubangiji ta biyo bayan addu'ar keɓe gurasa da ƙoƙo nan da nan. Ya kare kansa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara da cewa in wata ikkilisiya tana da abu mai kyau a shirye yake ya koya daga gare ta.

Wani ƙaramin al'amari ma ya shafi waƙa ta wata fuska. A garin Terracina bishof ya kori Yahudawa daga wurin sujadarsu da hujjar cewa muryarsu tana shiga majami'a. Giregori ya sa a je a bincika, in gaskiya ne a ba su wani wuri a cikin gari, kada kuma a tsananta musu. Ya hana yi wa Yahudawa baftisma da tilas, ya ce da taushin hali ake jawo mutum. Amma shi ɗin ne ya ba da shawara a ƙara wa manoman Sardiniya masu bautar gumaka kuɗin haya har su tuba. Haka kuma, da wani soja mai suna Fokas ya kashe sarki Moris a 602 bayan ya yanka 'ya'yansa maza a gabansa, Giregori ya aika wa sabon sarkin wasiƙar murna mai cike da yabo. Masu ƙaunarsa sun yi ƙoƙarin ba da uzuri, amma tabon yana nan.

Aikin da ya fi kai sunansa nesa shi ne na Ingila. A 596 ya ɗauki shugaban gidansa na Andarawus, Agustin, da sufaye kusan arba'in, ya aike su wurin Turawan Ingila da ba su san Almasihu ba. Da suka kai kudancin Faransa tsoro ya kama su, Agustin ya koma ya roƙa a bar su, Giregori ya mai da shi da wasiƙar ƙarfafawa. Suka sauka a ƙasar Kent a 597. Bede, sufin Ingila da ya rubuta tarihin, ya ce sun zo gaban sarki Etelbat ɗauke da gicciyen azurfa da hoton Mai Ceto suna rera addu'a, haka kuma suka shiga birnin Kantabari. Giregori ya rubuta wa bishof na Iskandariya cewa fiye da mutum dubu goma aka yi wa baftisma a Kirsimetin wannan shekara. A 601 ya aika da umarni kada a rushe ɗakunan tsafi masu kyan gini, a fitar da gumakan a tsarkake ɗakunan su zama majami'u. Mutanen Ingila suka ɗauke shi uban bangaskiyarsu. Bede yana yabon mawaƙa da cewa sun koyi rerawa irin ta Roma daga almajiran Giregori, kuma tarihin rayuwarsa mafi tsufa wani sufi ne na Witbi a Ingila ya rubuta shi wajen shekara ta 700.

Shekarunsa na ƙarshe a gado ya yi su. Ciwon gaɓoɓi ya kama ƙafafunsa, har ya rubuta cewa kusan shekara biyu da ƙyar yake tashi na sa'a uku ranar idi domin ya bi da sujada. Daga gadon ya ci gaba da shibtar wasiƙu. Ya rasu ran 12 ga Maris, 604, aka binne shi a majami'ar Bitrus. Ko Yohanna Kalbin, wanda bai raga wa fafaromomi ba, ya ɗauke shi bishof na gaskiya na ƙarshe da Roma ta yi.

A zamaninsa ba a san hanyar rubuta sautin waƙa ba. Isido na Sebil, ƙanen abokinsa Liyanda, ya rubuta cewa sauti in ba a riƙe shi a ka ba ya ɓace, domin ba ya rubutuwa. Kalmomi kawai ake rubutawa, muryar kuwa daga bakin malami zuwa kunnen yaro. Waƙar da muke ji yau ta samu siffarta ne shekara 150 bayan mutuwarsa, a ƙasar Farankawa, inda Faransa da Jamus suke yanzu. A 754 Fafaroma Istifanus na Biyu yana can wurin sarki Fefin yana neman taimako a kan Lambardawa, kuma mutanen ƙasar suka ji yadda limaman Roma suke rerawa. Fefin ya umarta a bar waƙar gida a ɗauki ta Roma, ɗansa Sharlaman ya ƙarfafa umarnin a 789. Birnin Mets ya zama babbar makarantar wannan aiki. Mawaƙan Farankawa suka koyi dubban waƙoƙi da ka, suka lanƙwasa su da harshensu da kunnensu, suka tsara su cikin sautuka takwas, abin da ya fito ya bambanta da na Roma. Tilasta wa mutane su bar waƙar iyayensu ba abu ne mai sauƙi ba, ana bukatar suna mai nauyi, kuma suna linzami ne. Littattafan waƙa suka fara ɗaukar gabatarwa mai cewa Giregori ne ya tsara su. Wasu masana suna ganin Giregori na Biyu, wanda ya yi mulki daga 715 zuwa 731, aka nufa da farko, amma sunan babban ya haɗiye na ƙaramin.

Wajen 875 wani dikon na Roma mai suna Yohanna ya rubuta sabon tarihin Giregori, ya ce shi ya haɗa littafin waƙoƙi ya kuma kafa makarantar mawaƙa, har ana nuna wa baƙi gadon da yake kishingiɗa yana koyarwa da bulalar da yake tsorata yara da ita. Akwai kuma tsohon labari cewa magatakardansa ya leƙa ta labule ya ga kurciya a kusa da kunnensa yana shibta. Asalin labarin a kan wa'azin Ezekiyel ne, amma masu zane suka mai da shi kan waƙa, kuma wajen shekara ta 1000 ana zana shi da kurciya a kafaɗa, magatakarda yana rubuta alamomin sauti da ba a ƙirƙiro ba sai bayan shekara ɗari biyu da rasuwarsa.

Alamomin nan na farko, na ƙarni na 9, 'yan ƙugiyoyi ne da ɗigo a saman kalmomi, suna tuna wa wanda ya riga ya iya waƙar inda murya take hawa da sauka. Ba sa koya wa wanda bai taɓa ji ba. Sai wajen 1025 wani sufi ɗan Italiya, Gido na Arezo, ya ɗora alamomin a kan layuka, ya kuma ciro gaɓoɓi shida daga wata waƙar yabon Yohanna Mai Baftisma ya ba kowane mataki na murya suna: ut, re, mi, fa, sol, la. Ya ce horon da yake cin shekara goma zai iya ƙarewa cikin shekara ɗaya ko biyu. 'Yan'uwansa sufaye na Fomfosa suka ƙi shi har ya bar gidan, amma Fafaroma Yohanna na Sha Tara ya kira shi Roma, ya gwada hanyar da kansa ya rera ayar da bai taɓa ji ba. Daga baya ut ya koma do, aka ƙara na bakwai. A ƙarni na 19 wani fasto na Ingila, Jon Kawen, ya gyara tsarin domin koya wa 'yan makarantar Lahadi, masu bishara suka kawo shi ƙasashenmu. Malamin ƙungiyar mawaƙa da yake rubuta d, r, m a kan allo da yammacin Asabar yana amfani da kayan aikin da aka ƙera domin waƙar sufaye.

Waƙar ta yi rauni cikin ƙarnuka, aka datse ta aka yi mata nauyi. A 1833 wani limamin Faransa, Furosfa Geranje, ya sake buɗe tsohon gidan sufaye na Solem, magadansa suka bi ɗakunan ajiyar littattafai na Turai suna ɗaukar hoton tsoffin rubuce-rubuce suna gwada su da juna har suka maido da muryoyin. Fafaroma Fiyus na Goma ya ɗaga matsayinta a 1903, kuma babban taron Batikan na Biyu a 1963 ya ce ita ce waƙar da ta dace da sujadar Roma, tare da buɗe ƙofa ga harsunan gida da kiɗan kowace al'umma. A farkon shekarun 1960 sufaye daga Solem suka kafa gida a Keur Musa, ƙasar Senegal, inda har yau ake rera zabura safe da yamma a bisa tsarin nan na dā, da rakiyar kora mai tsirkiya 21.